Ba Kowane Sa Da Ya Kwanta A Kara Ne Gajiyar Mota Ta Kayar Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kara da asuba a Badun, lokacin da ake sauke shanu daga tirela, ya san kalmar da ta fi kowace yawa a bakin dillalai, watau "gajiya ce." Sa ya sauko yana tangaɗi, a ce gajiya ce. Ya ƙi ruwa, gajiya ce. Ya durƙusa ya ƙi tashi har sai an murɗe masa wutsiya, nan ma dai gajiya ce. Ba shakka akwai gajiyar, domin dabbar da aka ɗora a Potiskum ko Maigatari ko Illela, aka cusa ta ƙaho da ƙaho da 'yan'uwanta, ta yi kwana biyu ko uku bisa hanya ba ci ba sha, ba wanda zai ce ta sauko tana tsalle. Amma fa gajiya ta zama bargon da ake lulluɓe kowace irin cuta da shi, masu lulluɓawar kuwa sun fi kowa sanin abin da ke ƙarƙashi.

Jama'a, wannan magana ta shafi kowane ɗan Arewa da ke cin abinci a Kurmi, ko yana harkar shanu ko ba ya yi. Tun da aka buɗe Kasuwar Bodija a shekarar 1987, aka kwaso masu kayan abinci daga Orita Merin, kara da kwata suka zauna a gefenta, shekara da shekaru mafi yawan naman da Badun ke ci daga nan yake fita. A shekarar 2018 gwamnatin Jihar Oyo ta Gwamna Abiola Ajimobi ta umarci mahauta su koma sabuwar mayanka a ƙauyen Amosun, cikin Ƙaramar Hukumar Akinyele, dalilin da ta bayar kuwa shi ne tsabta da duba lafiyar nama. Mahauta da dama suka ƙi, har aka yi arangama da 'yan sanda a Bodija cikin watan Yuni na wannan shekara, aka yi asarar rayuka, aka rufe kasuwar na ɗan lokaci. To, ko a Bodija aka yanka sa, ko a Amosun, ko a karar Akinyele aka yi cinikinsa, hannun da ya kawo shi daga Arewa ɗaya ne, kuma ran da nama ya cuci wani gida, ba sunan mayanka za a kira ba. Cewa za a yi shanun Hausawa ne. Wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha cikin Fabrairu na 2021, inda 'yar hatsaniya tsakanin mutum biyu ta cinye shaguna da gidaje, ya san ba a bukatar babban dalili kafin wuta ta tashi.

Abin da ya kafa Bahaushe a cinikin shanun Badun tun farko amana ce, ba ƙarfi ba. An keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a shekarar 1916. Wani Bature masanin zaman jama'a, Abner Cohen, ya zauna a cikinta a 1962 da 1963, ya rubuta yadda ake sayar da shanu wajen 75,000 a shekara a kasuwar Badun, kusan duka bashi, ba takarda ba sa hannu. Mai shanu ya sauka gidan maigidansa a Sabo, maigida ya danƙa shanun ga dillalansa, dillali ya ba mahauci Bayarabe, kuɗi sai bayan an yanka an sayar. In mahauci ya gudu, maigida ne zai biya baƙonsa. A wancan zamani shanu da yawa da ƙafa suke zuwa, ta Jebba da Ilori da Ogbomosho da Oyo, su ratsa dajin ƙudan tsando, su iso da sammore a jikinsu, don haka tilas a sayar da su cikin gaggawa kafin su zube. Yaron da ya bi bayan garke mako biyar ko shida ya san kowace saniya kamar yunwar cikinsa. Ya san wadda ta fara ja da baya, ya san wadda ta daina tuƙa tun Mokwa. Tirela ta rage wahala, ta rage kwanaki, amma ta kashe wannan makaranta. Yanzu akwai samari cikin harkar da ba su taɓa kiwo ba, iyakar saninsu da sa shi ne girman tozo da kuɗin la'ada.

Alhali kuwa gane sa marar lafiya ba sai da kwalin jami'a ba. Abin da yake bukata shi ne ido da haƙuri, da kuma zuwa da wuri. Lokacin duba shanu shi ne sassafe, kafin a tashe su, kafin yara su fara bugu da ihu, domin sa mai ciwo in ya ji sanda yakan yi ta maza ya miƙe, ya ruɗi mai saye. A tsaya daga nesa tukuna. Saniya dabbar taro ce, wadda ta ware kanta gefe guda, ta sunkuyar da kai, kunnuwa a saɓule, ƙuda na bin idonta ba ta ko kaɗa wutsiya, tana da magana. Mai lafiya in ta kwanta tuƙa take yi, haɓa na juyawa ba fasawa, in kuma ta tashi sai ta yi miƙa. Hancinta a jiƙe yake da ɗan danshi kamar raɓa, tana lasarsa da harshe. Hancin da ya bushe ya tsattsage, ga majina ta daskare a kai ba ta lasa, alamar zazzaɓi ne. A dubi gashi, ko ya kwanta yana sheƙi ko ya tashi ya yi buzu-buzu. A dubi kashin da ke bayanta, da abin da ya ɓata mata wutsiya da cinyoyi. Ma'aunin zafin jiki ba shi da tsada, kowane kantin maganin dabbobi na da shi, zafin lafiyayyen sa kuwa tsakanin digiri 38 ne da 39, wanda ya kai 40 da sanyin safiya ba rana ce ta dafa shi ba.

Ga bambancin da ya kamata kowane yaron kara ya haddace. Gajiya tana jin magani, maganinta kuwa ruwa da ciyawa da inuwa. San da gajiya ce kurum ta kayar da shi, in aka ba shi ruwa zai sha kamar ya fasa kwano, ya ci, ya kwana, washegari a tarar yana tuƙa. Wanda aka kai masa ruwa ya kau da kai, gari ya waye yana nan yadda yake ko ya fi jiya lalacewa, wannan ba aikin direba ba ne. Shi ya sa ake son dabba ta huta dare guda kafin a kai ta ga wuƙa, kuma shi ya sa wanda ya san abin da ya ɗauko ba ya son a yi wannan kwanan.

Ciwon huhu shi ne babban ɓarawon garke a ƙasar nan tun da bushiya ta kau, kuma ba ya ɓuya ga mai lura. Sa yakan tsaya ya miƙa wuya gaba, ya buɗe ƙafafun gaba ya ware gwiwoyinsa daga ƙirji, baya a gantsare, yana numfashi da ƙyar yana nishi kamar mai ɗauke da kaya. In aka ɗan kora shi ya yi tafiya kaɗan sai tari ya biyo baya, busasshen tari mai zafi, in aka danna tsakanin haƙarƙarinsa sai ya zabura. Wannan ciwo ba ya kama ɗan Adam, amma ta numfashi yake yaɗuwa tsakanin shanu, babu kuwa wurin da ya fi cikin tirela dacewa da shi, inda hanci ke kan hanci kwana da kwanaki. Mugun abin shi ne wadda ta yi ciwon ta tashi. Sai a ga ta murmure ta yi ƙiba, amma ƙwayar cutar na nan a dunƙule cikin huhunta, tana rabawa. Mutumin Oke Ogun ko Iseyin da ya zo kara ya sayi karsana don kiwo, ba don yanka ba, shi ne ke kwasar wannan kaya ya kai cikin garkensa, in shanunsa suka fara zuba kuwa ya san hannun wanda ya saya.

Boru ya fi sauƙin ganewa. Miyau na dalala kamar igiya, sa na tauna baki yana ƙara, yana ɗingishi, in aka buɗe bakin a ga ƙuraje sun fashe a harshe da dasashi, haka ma tsakanin kofato. Bai cika kashe babban sa ba, shi ya sa ake raina shi, amma yana kashe maruƙa, yana ƙafar da nono, kuma yana bin takalmi da taya da igiya. Sammore kuwa a hankali yake ci. Dabba na cin abinci amma tana ramewa, ido na hawaye, kaluluwa ta kumbura a gaban kafaɗa, gashin wutsiya na zuba, in aka ɗaga leɓe ko fatar ido sai a ga fari fat maimakon ja-ja. Kumburin ruwa a ƙarƙashin haɓa, mai taushi kamar an rataya salka, yawanci ciwon hanta ne ko tsutsar ciki. Kirci da kaska ba sai an nuna wa kowa ba.

Su waɗannan duk asarar dukiya ce. Akwai uku da ke taɓa rai, kuma a kansu ne bai kamata a yi wa kowa kara ba.

Na farko tarin fuka. Wahalarsa ita ce sau da yawa ba ya nuna kansa a waje. Sa na iya zama mulmul alhali huhunsa cike yake da ƙulle-ƙulle, sai an feɗe za a gani. Wani lokaci dai akan ga rama marar dalili da ɗan tari mai naci. Likitocin dabbobi na Jami'ar Ibadan, irin su Farfesa Simeon Cadmus, sun shafe shekaru suna duba shanun da ake yankawa a kwatar Bodija, sun kuma tabbatar da ƙwayar tarin fuka ta shanu a cikinsu, har ma a jikin mutane masu tari. Mahautan Yarbawa suna da suna ga irin wannan huhu, suna ce masa "fuku elegusi," domin ƙullutun sun yi kama da agushi. Wani bincike da aka buga a 2013 a kan mayankar Oko-Oba ta Agege a Ikko ya nuna akwai masu nama da ke gutsurar wannan huhu ɗanye su ci a gaban mai saye, wai don su nuna masa ba komai. Kai jama'a! Mai tsire da mai balangu da ke sayen kayan ciki da arha, shi ma sai ya buɗe ido. Huhu ko hantar da aka ga ƙullutu fari ko rawaya a ciki, wanda in an tsaga yake kamar cuku ko yana ƙaras-ƙaras a bakin wuƙa, ba na sayarwa ba ne, komai arharsa.

Na biyu bakkale. Saniyar da ke ɓari cikin watannin ƙarshe, mahaifa ta maƙale, ko wadda gwiwarta ta kumbura da ruwa kamar ƙwallo, ita ce abin zargi. Mai feɗe ta da hannu tsirara da mai shan nononta ba a dafa ba sukan kamu da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da ciwon gaɓoɓi da gumin dare, a yi ta shan maganin zazzaɓin sauro wata da watanni a banza.

Na uku shi ne wanda ya fi gaggawa, ciwon saifa. Wannan ba ya ba da lokaci. Sa lafiya lau da dare, da safe a tarar da shi mushe ko yana shure-shure, ciki ya kumbura nan da nan, baƙin jini mai kauri wanda ba ya daskarewa na fita ta hanci da baki da dubura, gawar kuma ba ta sandarewa yadda aka saba. A nan ne al'adar "a kawo wuƙa kafin ya mutu" take zama kisan kai. Ana yin haka ne don kada dukiya ta zama mushe, kuma kowa ya fahimci zafin asara, amma da zarar an buɗe irin wannan dabba, ƙwayar cutar ta sha iska, sai ta yi wa kanta sulke ta zauna cikin ƙasa shekaru gommai tana jira. Mai fiɗa yakan ga ƙurji mai baƙin tsakiya a hannu ko wuya, wanda ya ci naman kuwa cikinsa ne ke ɗauka, har fatar ma ba ta tsira ba, ga shi kuwa a Kurmi ganda abinci ce ta kowane gida. Ba tatsuniya ba ce. Cikin Yuni na 2023 cutar ta kashe dabbobi da mutum a arewacin Gana, gwamnatin tarayya ta yi gargaɗi a kan cin ganda, a tsakiyar Yuli kuma aka tabbatar da ita a wata gona kusa da Suleja a Jihar Neja, kafin watan ya ƙare aka same ta a dabbobi a Ikko. Tsakanin Ikko da Badun tafiyar awa biyu ce. Dabbar da ta faɗi haka ba a yanka ta, ba a feɗe ta, ba a ja ta a ƙasa cikin kara. A kore sauran shanu daga wurin, a kira likitan dabbobi na gwamnati, a ƙone ta ko a binne cikin rami mai zurfi.

Sai maganar allura, wadda ita ce sabuwar hanyar rufe ido. Kusan kowane yaron shanu yanzu na da sirinji a aljihu. Sa ya nuna alamar zazzaɓi a Mokwa ko Jebba, a danna masa Terramycin ko Berenil, ya ɗan farfaɗo ya iso kara a tsaye, a sayar, a yanka washegari. Jikin kwalbar kuwa an rubuta ƙarara cewa sai an jira makonni, yawanci uku zuwa huɗu, kafin a ci naman dabbar da aka yi wa. Maganin yana nan cikin tsoka da hanta da ƙoda, jama'a na cinsa kaɗan-kaɗan ba su sani ba, har ran da yaro zai kwanta asibiti a ba shi irin wannan magani ya ƙi ci. Kuma ga ciwon huhu allurar ba ta cika kawar da cutar ba, sai dai ta kwantar da alamun, ta ƙara yawan masu ɗauke da ita a ɓoye. Mai saye ya shafa wuya da cinya, in ya ji kumburi mai tauri ko ya ga ɗigon jini, ya tambayi yaushe aka yi allurar.

Wani zai ce ai wannan aikin gwamnati ne, akwai malaman dabbobi a kan hanya da a mayanka, akwai takardar izinin tafiya da ake biya a kowane shinge. Gaskiya ne, kuma ya kamata a tambayi hukuma me ya sa shingayen suka fi ƙwarewa a karɓar kuɗi fiye da leƙa cikin mota. An kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta tarayya a 2024, ga kuma cibiyar Vom da ke kusa da Jos, wadda tun 1924 take aiki, tana yin rigakafin ciwon huhu da na saifa da na harbin daji. Amma malamin dabbobi guda ko biyu ba za su iya duba ɗaruruwan shanu da fitilar hannu kafin gari ya waye ba, musamman in waɗanda suka san mai ciwon sun tura shi tsakiyar garke. Tarihi ma ya nuna haka. Bushiya, wadda ta share shanun ƙasar Hausa wajen 1890, ta sake dawowa a 1983 ta bar Fulani da yawa da sanda kurum, ba allura kaɗai ta kore ta ba. Makiyaya ne suka riƙa kai rahoto da zarar sun ga hawaye da ƙurajen baki da zawo mai wari, suka kuma fito da shanunsu aka yi musu rigakafi, har aka bayyana a 2011 cewa ta ƙare a duniya baki ɗaya.

Abin da ke hana faɗin gaskiya a kara ba jahilci ba ne, tsoron asara ne, kuma wanda bai yarda da wannan ba bai san kasuwa ba. A 2024 babban sa yakan haura naira miliyan ɗaya a kasuwannin Kudu. Sau da yawa ba na dillali ba ne, ba na maigida ba ne, na wani ne can a Yobe ko Sakkwato da ya tara jarinsa duka cikin mota guda, wani lokaci ma da kuɗin mutane. In likita ya ce a binne, wa zai biya? Muddin amsar ita ce mai shi kaɗai, to za a ci gaba da kawo wuƙa cikin dare. Amma ƙungiyoyin masu shanu na karɓar kuɗi a kan kowace mota da kowane kai da aka sayar. Me zai hana a ware wani abu ƙayyadadde daga ciki, a buɗe asusu, duk wanda ya kai rahoton dabbarsa da kansa aka hana yanka ta a mayar masa da rabi ko sulusin kuɗinsa, wanda kuwa aka kama ya ɓoye ya tashi ba ko kwabo? Mutanen da suka iya tafiyar da bashin dubban shanu da fatar baki tun zamanin Turawa ba za su kasa riƙe asusu guda ba.

Haka kuma ya kamata shugabannin kara da sarakunan Hausawa na Sabo da Bodija da Shasha su sa a killace wani gefe na dabbobin da ake zargi, da kwanon ruwansu dabam, su kuma hana fitar da sa zuwa mayanka ran da aka sauke shi. Dattawan da suka koro shanu da ƙafa ba su ƙare ba, akwai sauransu zaune kan buzu a rumfunan kara suna jan carbi. A haɗa su da samarin da ke karɓar igiya yau, ko da safiya ɗaya ce a mako, tare da likitan dabbobi, a zaga garke a nuna musu da yatsa. Dillali kuma ya koma ga abin da malaman Sabo suka daɗe suna karantarwa a babin ciniki, cewa bayyana aibin kaya wajibi ne a kan mai sayarwa, mai saye kuma na da haƙƙin mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa. In sa na tari a ce yana tari, a rage kuɗi, mahauci ya san abin da ya saya, ya kira malamin dabbobi ya duba huhun kafin a ɗora nama kan tebur.